Aska Mai Kaurin Muciya

Askar ta suɓuce masa karo na uku, yatsun damansa suka dunƙule suka ƙi buɗuwa. Shekara ashirin ke nan yana feƙe kara a unguwar Ard al-Liwa, yana yi wa masu busa mizmar, algaitar Masarawa, bakin busa. Da siririyar aska marar mariƙi yake aiki, yadda ya koya a Damagaram. Likita ya ce ko ya sauya kayan aiki, ko ya haƙura da sana'ar.

Matarsa, mai aikatau a unguwar masu kuɗi ta Mohandessin, ta ɗauki askar ta nannaɗe gindinta da robar tayar keke, har ta yi kaurin muciya.

"Haka wuƙar feren dankali take a gidan Madam. Ba ta gajiyar da hannu."

"Sana'ar tawa kike haɗawa da dankali?"

"Yalla, maza, Malam, gwada. In ta ƙi, khalas, shi ke nan."

Ya karɓa yana tsaki. Sati uku yana feƙa ba tare da yatsun sun damƙe ba, bai kuwa yaba mata ba.

Wata azahar, a zaman tahiya, ya ɗaga manuniyarsa da ta daɗe ba ta miƙuwa, sai ga ta ta miƙe sak. Ya daɗe bai sallame ba.