Ɗigo Uku na Jan Farce

Ɗigo uku ta yi wa kowane faifan birki da jan farce, a gefen da ba ya goguwa, ta hura suka bushe, ta mayar da su kwali. Marigayi mijinta ne ya koya mata haka. Yakan ce kayan mota in ba ka yi masa shaida ba, ba naka ba ne.

Sati biyu ke nan sitiyari na rawa a hannunta duk sanda ta taka birki. Yara shida take kaiwa makaranta ta ɗauko su, tun daga tagwayen gidan bene har zuwa 'Yar Kaka, wadda kakarta ke riƙowa bakin titi kullum da safe. Da motar nan take ci. In ta yi kwana uku a gareji, iyaye za su nemi wata.

Shago huɗu ta zagaya. Ta ɗaga faifai ta ji nauyi, ta karanta bayan kwali, ta tambayi ƙasar da aka ƙera. Iri uku ne: na kamfani, matsakaici, da na araha. Ta daɗe tana shafa matsakaicin kafin ta nuna na araha.

Bakaniken da za ta kai wa aikin sabo ne a layin, kuma shi ya fara tare ta. Ranar Litinin ya fito daga rumfarsa ya ɗaga mata hannu, ya ce birkinta na neman gyara, zai yi mata da sauƙi. Ita kuwa a saninta, mai neman aiki da kansa akwai abin da ya hango.

Ranar Asabar da safe ta kai masa. Ya zaro faifai ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi da sufana, ya saurari ƙararsa. Ya yi wani murmushi marar daɗi, wushiryarsa ta bayyana.

"Hajiya, wannan ai marfin tukunya ne. A gangaren makaranta wata uku ya lanƙwashe."

"Shi nake da iko da shi. Ka ɗaura."

Bai ƙara musu ba. Wannan ma ta lura da shi. Ta kuma lura ba ta taɓa gaya masa hanyar da take bi ba.

Ya ce ta dawo bayan azahar. Ta ce to, ta tsallaka titi, ta zauna a bencin shagon tela inda take hango rumfar. Ta ga ya buɗe ƙofar baya, ya ja bel ɗin kujera sau biyu. Ya sunkuya ya tsinci wani ruwan ɗorawan ribom a ƙasa, ya kaɗe shi, ya sa a aljihu. Wanda bai bar ribom ɗin yara ba, me zai bari?

Can sai ya ɗaure kwalinta a bayan babur ya tafi. Ya dawo da buhu.

Ta taɓa jin yadda ake yi. A karɓi sabon kayanka a sayar, a kai tsohon wani wurin injin a kankare shi ya yi ƙyalli, a ɗaura maka. Ba za ka sani ba sai ranar da ka taka birki mota ta ƙi ji. Ta tuna gangaren, da kawuna shida a madubi.

Bayan azahar ta karɓi mota. Kuɗin aikin da ya faɗa ko na wanki bai kai ba. Birki ya kama lumus, babu rawa. Hakan bai kwantar mata da hankali ba, kankararre ma a ranar farko haka yake.

Kai tsaye ta wuce shagon da ta yi sayayya. Ta sa mai faci na kusa ya cire tayar gaba, ta durƙusa ta juya faifan a hankali har ya zagayo. Ta sa aka cire ɗaya tayar. Babu ɗigo ko ɗaya.

Mai shago ya leƙo, ya duba, ya sosa ƙeya. Ya shiga ciki ya jawo kwali daga ƙarƙashin kanta. Ga jan farcenta nan, uku a kan kowanne.

"Naki ya dawo da su, ya cika daga aljihunsa ya ɗauki na kamfani. Ya ce kar in faɗa miki. To ni ban faɗa ba, Hajiya, ke kika kwance taya."

Maimakon ta ji sanyi, sai zarginta ya ƙaru. Ruwa ba ya tsami banza. Namijin da ya san hanyarta, ya san lokacinta, ya kashe mata abin da ba ta roƙa ba, me yake nema wurin mace marar miji da yaran mutane a mota? Ta ƙudurta ranar Litinin, da ta sauke yara, za ta sa ya kwance kayansa a gaban idonta.

Litinin ta ɗauki tagwaye, ta ɗauki sauran. Kaka na tsaye a bakin titi kamar kullum. Tun ranar farko tsohuwar ta gargaɗe ta cewa iyayen yarinyar sun rabu, kada ta miƙa ta ga kowa sai ita.

A gangaren makaranta ta taka birki a hankali. Mota ta sauka sumul. Daga kujerar baya aka yi tafi, ta ɗaga ido. A madubi ta ga ruwan ɗorawan ribom a kan 'Yar Kaka, da 'yar wushirya a bakinta.

"Anti, ta daina rawa! Dama na gaya wa Babana tana ba ni tsoro, ya ce in bar masa."