Kofin Direba

Tun da aka gano akantar kamfanin ta yi kuskure, ba ta riƙa cire wa direbobi haraji daga albashi ba, kowa ya ɗauke ƙafa daga ofishinta. Yau direban da za ta aura ya shigo. Ta jona butar shayi, amma bai zauna ba.

"Hukumar haraji ta ce mu za mu biya," ya ce, idonsa a kan fanka. "Abin da na tara don kama mana gida, can zai tafi."

"Na roƙi manaja, ya ce wanda ya ci albashin shi ke da bashin. Ni ko ɗaki ɗaya ya ishe ni."

Ya juya makullin mota a hannunsa.

"Yaya ya ce matar da ta jawo mini bashi tun ba ta shigo gida ba..."

"Na ji ta bakin Yaya. Kai me ka ce?"

Ya dube ta, ya sunkuyar da kai. Sai ya ɗauki kofinsa da ke zama a teburinta kullum, ya fita.

Butar ta tafasa. Ruwan mutum biyu ta zuba.