Wayar Sashen Amarya

Tunda ka ce za ka ƙara gini a gidanka, saurari wannan. Wani magidanci ne ya tashi yi wa ɗansa aure, sai ya yanka masa fili a ƙarshen gida, ya gina masa ciki da falo da kicin. Da aka zo wajen wuta, ya kira mai wayarin, wato mai haɗa wayoyin lantarki, ya janyo ta daga babban akwatin wutar gidan zuwa wani ƙaramin akwati a sabon sashe. Mai wayarin ya ce kaurin waya gwargwadon abin da za ta ɗauka ne, don haka a faɗa masa me da me za a jona. Magidanci ya leƙa ɗakunan, ba komai sai ƙurar siminti, ya ce ƙwai ne da fanka. Mai wayarin ya ce ai kayan ɗaki daga gidan amarya suke zuwa, gara a tambaye su. Magidanci ya riƙe baki, ya ce, "Ni in aika wa surukai su faɗa mini abin da za su kawo? Ai sai a ce idona na kan kayansu." Mai wayarin bai ja ba. Ya sa siririyar waya daidai ƙwai da fanka, ya binne ta a bango da ƙarƙashin daɓe, aka shafe, aka manna tayil, aka yi fenti.

Ranar jere gwaggwannin amarya suka sauke firij, da firiza don sana'ar ƙanƙara, da injin wanki, da hita, da murhun lantarki. Kafin su tafi suka ce sai sun ga kowanne ya kama. Ana jonawa fiyus ya tsinke. Ango ya ga surukai sun zuba masa ido, ya ciro fiyus ɗin ya ɗaura ƙatuwar waya a madadinsa, wuta ta dawo, aka rangaɗa guɗa. Ita kuwa siririyar nan tana cikin bango tana dahuwa. Can wajen la'asar sai warin ƙonanniyar roba, fenti ya kumbura, hayaƙi ya biyo ta soket. Allah ya taƙaita, aka kashe wutar gidan kafin labule ya kama. Amma gyara ba ya yiwuwa sai an fasa. Kayan da aka wuni ana jerawa aka kwaso su tsakar gida, aka ɗage ranar kai amarya, magina suka sa guduma a sabon tayil. Magidanci na tsaye yana ba matan nan haƙuri ɗaya bayan ɗaya, kunyar da ya guda kuwa ya sha ta har ya ƙoshi.

Don haka kafin ka rufe bango, ka tambaya. Hausawa dai sun ce, tun ran gini, tun ran zane.