Munduwar Malam Barau

Tun da aka kafa dokar gwajin magani, kowane gida sai ya ba da mutum ɗaya. A gidan su Uwani, mahaifinta Malam Barau aka ɗaura wa munduwar. Kullum da safe takan tambaye shi jiki. In ya ce da sauƙi, sai ta ƙara masa allura.

Yau Uwani ta ga jini a hankicinsa.

"Baba, don Allah ka gaya mata gaskiya."

"In na faɗa, cire ni za su yi. Wa ya rage a gidan nan?"

Munduwar ta ce, "Malam, yaya jiki?"

Ya dubi siririn hannun 'yarsa, wanda ba a ɗaura wa komai ba tukuna.

"Da sauƙi," in ji shi.