Mai Laluben Sabar Ofishinmu

"Ga shi kuma!" in ji ogana, yana nuna gargaɗin da ya fito a kwamfuta. Kullum ƙarfe takwas na safe, wani yana laluben ƙofofin sabar ofishinmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayananmu, yana gwada tsohuwar kalmar sirri.

"Ɓarawo ne, toshe shi."

Na toshe adireshin kwamfutar mai laluben, ban ko duba daga ina yake ba.

Da na koma gida, na tarar da Baba gaban tsohuwar kwamfutarsa, sanye da tufafin zuwa aiki. Shi ya kafa sabar ofishinmu kafin ciwon mantuwa ya zaunar da shi.

Ya ɗago da hawaye.

"Kullum sukan ce in sake gwadawa. Yau ko amsawa ba su yi ba. Ɗana, korata suka yi?"