Dusar La'asar

Uwarsa ta mutu ranar da ta haife shi, ni na raine shi da nonon saniya a tsumma. Da ya tasa ya zama ɗan bunsuru mai tsiwa, kowa tunkuri yake sai ni. Na saba masa da dusa a tafin hannuna kullum bayan la'asar. In lokacin ya yi, ba ya daina kuka sai ya ci.

Da la'asar ɗin ɓarayin daji suka shigo ƙauyenmu, kusa da Wagini. Muka gudu cikin dawa muka kwanta, mu da maƙwabta. Ashe ya biyo ni. Da ya gan ni ya ƙara kuka, ga ƙarar baburansu tana matsowa.

Baba ya matse masa baki, ya ce a hankali, "Riƙe shi, ɗiyata. A hannunki ba ya fizga."

Na rungume shi. Baba ya yi bisimilla ya zaro wuƙa.

Har yau in na ji warin bunsuru a kasuwa, sai na goge tafina a zane. Lasarsa yake yi lokacin, yana neman dusa.