Damin Likita

Kai da kake cewa sana'a ta ƙi ka tun ba ta shekara ba, zauna ka ji misalin wani likita. Ya bar aikin gwamnati a birni, ya kama hayar ɗaki uku a wani ƙauyen manoma, ya buɗe ɗan asibitinsa da bazara. Gado biyu, firjin ajiye allura, da nas guda. Damina na sauka, zazzaɓin sauro ya sauka tare da ita. Tabarmi suka cika har gindin darbejiya, ana allura, ana ƙarin ruwa, amma hannun da zai miƙo kuɗi babu, don abin kowa yana gona bai nuna ba. Sai godiya, sai Allah ya saka. Janareta kuwa ba ya shan godiya, fetur yake sha. Mai gida yana jiran haya, mai kantin magani a birni ya daina ɗaga waya, nas tana aiki ba albashi tana kawar da kai. Ana tsakiyar marka wani dattijo ya cika a hannun likita, ruwan da aka ɗaura masa ko rabi bai kai ba. Ranar ya yanke a ransa, da kaka ta yi zai rufe ƙofa ya koma inda ya fito.

Abin da bai sani ba, a garin nan ba a biyan wanzami ranar aski, ba a biyan maƙeri ranar da ya ƙera fartanya. Kowa da daminsa bayan girbi. Mutanen gari tuni sun sa shi a wannan sahu, kuma ba wanda ya ga dalilin faɗa masa abin da kowa ya sani. Da kaka ta yi, wata safiya yana ciniki da mai sayen firjinsa, sai ga amalanke ta shanu ta tsaya a ƙofa, wata na biye da ita. Gero, dawa, buhunan gyaɗa da wake. Mai shanun gaba ya leƙo ya ce, "Likita, ina rumbunka?" Ya ce ba shi da rumbu. "Kai, magidanci ba rumbu? To me kake ci, allura?" A ƙarshen layi ga babban ɗan dattijon nan da ya rasu, da dami a ka. Likita ya sunkuyar da kai ya ce wannan kam ba zai karɓa ba, ai bai iya ceton baba ba. Mutumin ya sauke damin a hankali ya ce, "Kwana ba a hannunka yake ba. Mun ga yadda ka tsaya a kansa."

Likita ya sallami mai sayen firji. Ya kai gyaɗa da wake kasuwa, ya fara biyan nas, sannan haya, sannan magani. Abin da ya rage ba riba ce ta a zo a gani ba, amma ƙofa ba ta rufu ba, shi kuma ya yi numfashin da ya daɗe bai yi ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.